Rigar Biki Ta Sha Almakashi

Ka taɓa riƙe biro minti ashirin cur kana kallon tambaya ɗaya tak? Marcella Dupree ta taɓa. Takardar likitan matuƙa jirgin sama ce a gabanta, wadda sai hukuma ta amince da ita ake barin ɗalibi ya tashi shi kaɗai. Tambayar kuwa ita ce ko kotu ta taɓa kama ta da laifi.

Tana da shekara ashirin da biyu ta ɗauke motar wani, ta yi wata goma sha huɗu a gidan yari. Bayan ta fito ta shekara goma sha biyar a nan jihar Arkansas ta Amurka tana ɗura wa jiragen feshi magani a bakin gonakin shinkafa, tana ɗaga kai wasu na tashi.

Malaminta na tuƙin jirgi, tsoho Wendell Oakes, ya leƙo takardar.

"'Yar nan, biron ne ya ƙafe ko hannun?"

"Baba Wendell, in na ce e, ai tawa ta ƙare."

"In kika ce a'a suka gano, sannan ne taki ta ƙare. Rubuta, rana na yi."

Ta rubuta e. Hukuma ta nemi takardun kotu shafi talatin da ɗaya da wasiƙun shaida uku. Ta aika, aka shiga jira.

Ba ta zauna ba. Ta sauke jirgi sau ɗari da tamanin da shida, duk Wendell na zaune a damanta yana mita. Ranar da ɗalibi ya fara tashi shi kaɗai kuwa, malami kan yanke masa bayan riga da almakashi, a rubuta kwanan wata a manna a bango. Don haka kullum da tsohuwar riga take zuwa, ko yau ce. Makanikai har suka laƙaba mata Sarauniyar Tsumma.

Rana ta ɗari da arba'in da uku da fara jira, Asabar, ta ci ado da sabuwar rigar siliki ruwan ɗorawa, za ta bikin 'yar yayarta. Ta buɗe akwatin wasiƙu a ƙofar gida, sai ga amsa: an amince. Biki ƙarfe huɗu ne, yanzu sha ɗaya. Minti tara ya kai ta filin jirgi.

Wendell ya karanta sau biyu. Suka yi zagaye biyu tare, sannan ya kwance bel ya sauka.

"Kada ki ɓata min taya."

Jirgi ya yi sakayau, ya ɗaga tun kafin inda ya saba. Ta kalli kujerar dama, wayam, sai ta fashe da dariya ita kaɗai a sama. Tashi uku, sauka uku, ko tangarɗa babu.

Tana fitowa ta hango almakashi a hannun Wendell.

"Haba Baba, ta biki ce fa!"

"Wata biyar kina zuwar mana da tsumma, yau da kika sa ta kirki zan ƙyale? Juya!"

Ƙyat ƙyat ƙyat. Da kwat ɗin wani makanike ta je biki, tana ƙamshin man jirgi. Yayarta Odessa ta ɗaga kwat ɗin ta ce, "Ke Marcella, wace akuyar ce ta ci bayanki?" Da ta ji labari, guɗarta ta fi ta amarya.

Bayan ta sami lasisin aiki, duk inda ta je nema da zancen gidan yari take farawa. Biyu suka ce a'a, na uku ya miƙa mata hular kwano ya ce ta fara aiki. Yanzu awa dubu ɗaya da ɗari biyu ke gare ta a sama, tana feshin shinkafa tun hantsi bai dubi ludayi ba.

In kai ma kana da irin wannan tarihi, don Allah je ƙaramin filin jirgi mafi kusa ka nemi tashin gwaji na rabin awa. Kafin ka ɗaura bel, gaya wa malamin komai, ka ji abin da zai ce.