Cokalin Kaka

Yau a asibitin da nake aikin sa-kai, cikin shirin neman gurbin karatun koya wa majinyata amfani da gaɓoɓinsu, aka miƙo mini cokali mai kaurin mariƙi. Na tsaya ina kallonsa kawai.

Da ɓarin daman kakata ya shanye, a gidanmu na unguwar Madain Fahd, ta ƙi ci da hagu. "Ni da hagu? Halas, shi ke nan, ɗauke kwanon." Na naɗa wa cokali tsumma har yatsunta suka kama. Shinkafa mai ƙamshin man shanu ta yi ta zuba a zaninta, amma loma ɗaya ta kai baki.

Tun da ta rasu har yanzu kuka bai zo mini ba. Kaka, Allah Ya ba ki littafinki a hannun dama.