Dundumin Zara

Har yau in na ga yaro ya ture kwanon ganye, raina ɓaci yake yi. Ba ruwana da ko ɗan wane ne, sai na faɗa masa magana.

A Gure aka haife ni, zamanin da kwamanda, Baturen mulki, ke zaune bisa tudu. Ubanmu yana da rumfa a kasuwa, yana sayar da kanwa da dabino, har ya fara zama da fataken birnin Damagaram masu manyan riguna. Wata rana ɗayansu ya hangi tafasa a haƙorinsa, ya yi masa dariya cikin mutane. Baba ya dawo gida ya kafa doka: ba zogale, ba rama, ba tafasa, kabewa ma kar ya gan ta. Abin da akuya ke ci, in ji shi, ba ya shiga tukunyar gidansa. Aka bar mu da tuwon hatsi da romon daddawa. Nama sai ranar kasuwa, shi ma a kwanonsa yake ƙarewa.

Kakarmu Iya ita ta haife shi, kuma shi ne ɗanta na fari. Kun san kunyar ɗan fari ta mutanen da. Ba ta kiran sunansa, ba ta duban idonsa, balle ta yi masa faɗa. Sai dai ta haɗiye.

Bayan an ci tuwo muke taruwa gaban ɗakinta, ta hura wuta da ƙodagon goruba ta yi mana tatsuniya. Da aka daɗe da dokar, ƙanwata Zara ta soma lalube. Da rana tana gani garau, rana na faɗuwa sai ta kama bango. Dundumi ke nan. Mu yara dariya muke yi, har daren da ta nufo muryar Iya ta taka garwashi da ƙafarta.

Iya ta ɗauke ta, ta shafa mata mai, ta ɗora ta a cinya. Baba yana zaune ƙofar ɗakinsa yana jan casbi. Sai Iya ta juya masa baya, ta ɗaga murya yadda ba ta taɓa yi ba.

"Ga ta nan ta zo, mai kunne ya buɗe, har wanda ke can nesa!"

Ta ce a da, in rana za ta faɗi, takan ji tausayin mutanen da za ta bari cikin duhu. Sai ta bi fadamu tana ajiyar haskenta, kaɗan cikin ganye, kaɗan cikin kabewa, kaɗan cikin magarya da aduwa. Wanda ya ci, ya haɗiyi rana, da dare ta haska masa ta ciki. To akwai wani mutum da ya sami sabuwar riga, ya ce shi ya wuce cin ajiyar rana, ya hana 'ya'yansa ma. Rana ta ce ba komi, kowa da rabonsa. Da magariba ta kwashe haskenta ta tafi, ba ta bar ko ɗigo a gidansa ba.

Na ce, "Iya, sai mutumin ya makance?"

"Ina fa! Shi ai ƙato ne, ya ci ajiyar uwarsa tun yana tsirara, har yana lasar kwano. Ƙaramar gidan ce ta biya."

"To sai yaya?"

"Ban sani ba, 'yar nan. Ƙarshenta ba a bakina yake ba, yana wurin mai rigar."

Casbin ya tsaya. Baba ya tashi ya shige ɗaki.

Kuna tsammani ya janye dokar? Bai janye ba. Girman kai bai bar shi ba. Iya ce ta riƙa saɓa ƙwarya da tsufanta, tana gangarawa kwari wurin masu lambu, ta dawo da zogale da kabewa ƙarƙashin itace. A tukunyarta take dafawa, ta ɗura wa Zara, mu ma ta cika mana hannu. Baba yana jin ƙamshin, sai ya kau da kai. Iyakar abin da ya iya ke nan.

Idon Zara na dama ya dawo. Ranar da Zara ta nuna tauraro da yatsa, Iya ta yi guɗa ita kaɗai a tsakar gida. Na hagu kuwa an makara, fari ya riga ya rufe shi. Da shi ta yi aure, da shi ta haifi 'ya'yanta, da shi aka binne ta.

Yanzu matan jikokina sun je asibiti, lokotoro ya nuna musu hoton karas da ganye, sun dawo suna ba ni labari kamar sabon abu. Ni! Kuma gobe su dafa wa yara farar taliya tsura, suna dariya wai ganye na ƙauyawa ne. Dariyar nan na san ta, na san kuma abin da ta ci mana.

Iya kunya ta ɗaure mata baki, dole ta bi ta tatsuniya. Ni ba na jin kunyar kowa. Ku miƙo kwanon yaron nan in zuba masa zogale.