Rantsuwar Tasi'u a Kan Birki Mai Faifai

Ƙanena Tasi'u mai cika baki ne, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Da kansa yake cewa daga Dawakin Tofa zuwa ƙauyenmu ba a haifi mai gyaran keke kamarsa ba. Abin haushin, kusan gaskiya yake faɗa. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu yana faci, yana ɗaure wayar taya, yana miƙe ƙahon da ya karkace. Da damina ya tafi gona da sassafe, hantsi ya dawo. Da sana'ar ya aurar da 'ya'ya shida. Maganinsa na farko ga duk abin da ke ƙara kuwa baƙin mai ne, a gwangwanin madara, da gashin kaza na shafawa.

Bara bayan girbi Malam Zaharaddini, mai koyarwa a firamaren ƙetaren rafi, ya sayo keke ɗan gwanjo a Kano, irin na hawan dutse, mai ƙatuwar taya da giya barkatai. Birkinsa ba ya kama bakin taya kamar na kekunanmu. Faifan ƙarfe ne a tsakiyar taya, yana wucewa tsakanin wasu ƙananan takalma biyu. Na gaban yana gogar faifan yana ƙara ko ba a taɓa birki ba. Ranar Asabar da hantsi Malam ya kawo shi, maza suka taru suna kallo, ni kuma ina zaure ina ɓare gyaɗa.

Naziru mai shayi ya ce, "Baba Tasi'u, wannan ba sa'anka ba ne. A mayar da shi birni."

Tasi'u ya ce, "Wallahi in aka kira la'asar keken nan yana kuka, na bar gyaran keke."

Na ajiye gyaɗar. Wani zai karya rantsuwa ya yi kaffara, amma ban da Tasi'u. Na san rufe akwatin kayan aikinsa zai yi, ya zauna baƙin ciki ya cinye shi.

Ya tsoma gashin kazarsa ya shafe faifan gaba da mai, har da na bayan da bai yi laifin komai ba. Ƙarar ta ɗauke. Ya buɗe hannuwa yana tambayar Naziru ko akwai sauran magana. Malam ya hau ya nufi gangaren rafi, ya matse birki biyun, keken bai ko rage gudu ba. Tarin karan dawa ne ya tare shi. Ya taso da ƙujewa a gwiwar hannu, ya turo keken, ga gogar ta dawo. Dariyar da aka yi sai da mata suka leƙo ta katanga.

Tasi'u ya ajiye gashin kazarsa. Ya kifa keken, ya juya taya, ya kafa ido. Can ya ce, "Yaya, ara mini farin farantinki."

Ya tara farantin a bayan birkin, farin ya nuna masa tazarar da ke tsakanin faifan da takalman: gefe ɗaya akwai haske, ɗayan babu. Gidan ƙarfen da takalman ke ciki ne ya zauna a karkace. Ya ruga wajen mai gyaran babur ya aro alanki, ƙarfen kwance noti mai rami. Ya wanke faifai biyun da fetur, ya gasa takalman a garwashin Naziru har hayaƙin mai ya ƙare, ya goge su da sandfefa. Azahar a gaggauce ya yi ta. Abincin da matarsa Larai ta aiko ko buɗewa bai yi ba.

Sau uku yana daidaita gidan da hannu, da ya ɗaure noti sai ya goce. Inuwa ta miƙe, ladan ya fito da buta. Masu dariyar ɗazu suka koma ba shi shawara, kowa da tasa. Sai ya sassauta noti biyun da ke riƙe da gidan, ya yanko robar tsohon tib ya ɗaure hannun birkin tamau, takalman suka cafke faifan, gidan ya zauna daidai da kansa. Ya riƙa ɗaure notin kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan. Ya kwance robar, ya juya taya.

Shiru. Tayar ta yi ta juyawa har muka gaji da kallo. Malam ya hau, ya gangara, ya matse, keken ya tsaya cak. Wurin ya kaure da ihu, ni ma da tsufana na rangaɗa guɗa. Bai gama dawowa ba aka kira la'asar.

Da aka fito masallaci Tasi'u ya ba Malam haƙuri a kan gwiwar hannunsa, sannan ya juya ga jama'a.

"Duk wanda ya san mai irin keken nan, ko a Shanono yake, ya ce ya kawo mini. Ko lafiyarsa ƙalau, ina so in duba cikinsa."