Jan Kofin Goggo

Goggo ƙanwar Babanmu ce, gajeriyar mace mai saurin tafiya, kullum hannunta na ƙamshin sabulun asibiti. In aka tambaye ta aikinta sai ta ce, "Gwajin jini," ta kawo wata hirar. Gaskiyar ita ce a ɗakin bincike na bayan asibiti take, inda ake rainon ƙwayar cutar ƙanjamau cikin ƙananan farantai masu ramuka, a ɗiga mata magunguna, a ga wane haɗi ne zai hana ta hayayyafa. Kunyar kiran sunan ciwon take ji, sai ka ce ita ta ƙirƙiro shi.

Mamanmu ce ta jawo, ba zan ɓoye ba. Tun ranar da ta gano aikin, ta ware wa Goggo kofi, wani jan kofin roba, ta ɗora shi can saman kantar kwanuka. "Ba don wani abu ba," in ji Mama. Don wani abu ne mana! Goggo ta yi shekaru tana shan ruwa a kofin nan, ba ta taɓa cewa uffan ba.

Ni kaɗai take sakin jiki da ni. In na biya wurin aikinta, takan nuna mini faranti ta bayan gilashi. "Layin nan magani ɗaya muka sa, ƙwayar cutar ta yi lamo, sai ga ta ta dawo. Wannan uku muka haɗa, kowanne ya tare mata hanya, kin ga shiru. Wancan kuwa ukun ne, amma mun rage musu ƙarfi. Shi na fi tsoro, don ba ya danne ta, wayo yake koya mata. In ta gane maganin, ko an ba ta cikakke ba ta ji."

Baba direban babbar mota ne. Akwai lokacin da ya rame, sai kuma ya murmure, aka ce mana hawan jini ne. Wata rana da yamma Goggo ta shigo da ƙishirwa, Mama na wanki, sai ta taka kujera ta ɗauko kofinta da kanta. A bayansa ta tarar da reza da rabin ƙwayar magani. Can Mama ta ɓoye, don ta san ba mai taɓa wurin.

Goggo ta juya rabin ƙwayar a tafinta. Ta san ta kamar yadda ta san sunanta: ta maganin ƙanjamau ce.

"Anti, na waye wannan?"

Mama ta tsaya da kumfa a hannu. Wallahi ban taɓa ganin fuska ta faɗi haka ba. Ni kaina sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Na Yayanki ne," Mama ta ce, murya can ƙasa. "Rabin ƙwayarsa yake yanko mini. Goggon yara, ba zan iya zama a bencin asibitin nan ba, kowa na kallona."

"Rabin nan bai tsare ki ba, Anti. Shi ma Yaya kin ga ya daina tsare shi."

Maganar kofi kuwa Goggo ba ta nuna ko a fuska ba.

Washegari Goggo ta cire farar rigar aikinta, ta rako Mama, ta zauna tare da ita a bencin, katin asibiti a hannunta ita. Bencin yana kan hanyar da abokan aikinta ke bi. Suna wucewa suna gaishe ta, idonsu na kan katin. Matar da ko sunan aikinta ba ta iya faɗa, gumi na bin wuyanta, amma ba ta motsa ba. Da aka kira su, ita ta fara miƙewa.

An ba Mama nata maganin. Na Baba sai da aka sauya, don tsohon ya fara daina yi masa aiki, kuma ya sha jiki kafin sabon ya karɓe shi.

Jan kofin ya sauko daga saman kanta. Da shi Mama ke shan ƙwayarta kowace safiya, guda cikakkiya. In Goggo ta zo, a kofin Baba take ba ta ruwa, da hannu biyu, kuma har yau ba ta iya haɗa ido da ita.