Malama Rabi, Wadda Ta Gane Ciwon Cikina

Ina cikin aji a Wara direban motar Yelwa ya leƙo ta taga, ya ce Allah Ya yi wa Malama Rabi rasuwa, har an kai ta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sallami yara, na zauna a kan bencinsu.

Ita ce mai kula da ɗakin kwananmu a makarantar 'yan mata, shekarar da Sakkwato ta turo ta Yelwa. Ni 'yar masunta ce daga wani tsibiri, ban taɓa kwana nesa da Inna ba. Ban daɗe da zuwa ba ciwon ciki ya kama ni. Malamin asibiti ya yi ta ɗura mini maganin tsutsa, tsutsar da ba ta san ana yi ba. Abinci ya ƙi shiga, karatu ma haka, har na koma ta ƙarshe a aji.

A gida aka yanke cewa mutanen ruwa ne ke kirana, tunda an raba ni da kogi ba a sallame su ba. Baba ya aiko cewa ran kasuwa zai zo ya ɗauke ni, boko ya ƙare.

Malama ba mai yawan magana ba ce, amma tana da ido. Ta lura ciwon ya fi tashi ran kasuwa, in an jiyo ƙarar injin jirage. Takan ce, "Yaron da ya yi shiru, cikinsa ka magana." Ranar da Baba ya zo ɗaukata, ta kama hannuna har bakin ruwa, inda iyayena ke sauke kwandunan banda.

Baba ya ce, "Malama, ɗiyar ga ruwa ka kiranta. Mu tahi da abinmu."

Ta ce, "Baban Hajo, dubi can tukuna."

Ya waiwaya. Ina jikin Inna, na cusa fuska a zanenta mai ƙaurin hayaƙi, ina cin tuwon da ta ƙunso kamar ban taɓa ciwo ba.

Malama ta ce, "Ga mai kiranta nan. Kewa ce, kuma kewa ciwo ce. Ku bar min ita."

Baba ya daɗe yana kallona, sannan ya ce to. Daga nan kowace kasuwa, in an tashi aji, Malama takan raka mu 'yan tsibiri mu zauna da iyayenmu har jirage su juya. Shugabar makaranta ta yi ƙorafi, Malama ta ce mata, "Zuciyar da ba ta kwanta ba, ba ta riƙe karatu." Ciwon ya tafi a hankali, na gama, na zama malama.

Inna ta tsufa, amma ta shigo jirgi muka je ta'aziyya tare. Tun ranar cikina ke murɗawa. Na san ciwon sarai, Malama ce ta gaya mini sunansa. Sai dai wannan karon babu jirgin da zai kawo mini wadda nake kewa.

Ya Allah Ka jiƙan Malama Rabi, Ka yafe mata, Ka haskaka kabarinta, Ka sa Aljanna ce makomarta. Ka ba maigidanta da 'ya'yanta haƙuri, Ka haɗa marayunta da mai lura da shirunsu. Amin.