Ranar da Baba Alhaji Ya Ja Kibiya

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zan manta da ranar da shugaban ƙungiyarmu ya kama mai laifi da hannunsa.

Lokacin ina karatun digiri na biyu kan tafiyar da ayyuka a nan Landan. Ƙungiyarmu ta 'yan Arewa ta samu wani tsohon zaure a unguwar Deptford, aka ce a gyara kicin ɗinsa kafin azumi don dafa abincin buɗa-baki. Da yake ni ce mai karatun abin, sai aka ɗora mini. Na karɓa da rawar jiki, irin ta wanda bai san dawan garin ba.

Saura mako biyar azumi, ko tayil ba a gama ba. Hankalin shugabanmu, dattijon da muke kira Baba Alhaji, ya tashi. Mako uku ke nan kullum sai ya zo ya tara ma'aikata yana neman ba'asi. Wasu suka ce a kori maginin, wani ɗan Jos mai haƙurin gaske. Shi ma ya ja ni gefe ya ce, "Hajiya, in haka za a ci gaba, gara ku nemi wani."

A makon ne malaminmu ya koya mana wata dabara. In matsala ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, a daina neman wanda za a ɗora wa laifi. A rubuta abubuwan da ke faruwa, a ja kibiya daga kowanne zuwa abin da yake haifarwa, a ga ko za su zagayo. A cikin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na gwada, na ga abin da ya fito. Yaya zan faɗa wa Baba Alhaji, sa'an mahaifina, wannan magana?

Ranar Asabar na yago kwalin tayil, na miƙa wa Baba alƙalami a gaban maginin.

"Baba, don Allah ka taya ni aikin makaranta. Rubuta: aiki ya makara. To, in ya makara me kake yi?"

"In zo in ji dalili mana," in ji shi. Ya rubuta, ya ja kibiya.

Na tambayi maginin me ke biyo baya. Ya sosa ƙeya. "In Baba ya zo, mukan ajiye aiki kamar awa biyu. In kuma ya zaga, sai ya ga abin canzawa. Wurin wanke-wanken nan sau uku muna matsar da shi."

"Sai kuma me?"

"Sai a yi cancel ɗin mai famfo. Kafin a sake booking, mako ya wuce."

Baba yana ta rubutu da himma. Na ce, "In mai famfo bai zo ba fa?"

"Ai sai aiki ya maka..." Bai ƙarasa ba. Kibiyar ta kai hannunsa daidai inda ya fara. Ya cire tabarau, ya ƙura wa kwalin ido. Ni dai ƙasa nake kallo.

Sai kawai ya fashe da dariya har hularsa ta karkace. "Ikon Allah! Mako uku ina neman mai riƙe mana aiki, ashe kullum tare muke hawa bas!"

Muka yi dariya har da hawaye. Ya kama hannun maginin ya roƙe shi ya yafe masa. Nan take muka tsara: taro sau ɗaya a mako, ni kuma in riƙa tura wa Baba hotunan aiki kowace yamma. Nacin nan nasa kuwa muka juya shi wajen council, wato ƙaramar hukuma, inda takardar duba kicin ta maƙale. Cikin kwana huɗu suka turo mai dubawa. Ina jin gajiya suka yi da wayarsa.

Saura kwana uku azumi aka kunna murhu. Ƙosan farko da aka soya, Baba da kansa ya kai wa maginin, har da na iyalinsa.

Na riƙe ayyuka da yawa bayan nan, amma a wurin na koyi darasin da ya fi zauna mini. Sau da yawa babu mugu a cikin matsala, mutanen kirki ne ke ta zagaye ba su sani ba. Kuma gaskiyar da mutum ya gano da kansa ta fi daɗin haɗiya.