Kabad ɗin da Yaya ya yi min

Yayana kafinta ne. A layin da shagonsa yake ba mai kiran sunansa, Mai Fito ake ce masa, don tun yana saurayi bai iya riƙe zarto da bakinsa a rufe ba. Daga bakin titi za ka san ko ya buɗe shago. Ni kuwa Auta yake ce min, har yau da nake da 'ya'ya masu tsayina.

Ba shahararre ba ne. Shagon ma ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a gaba, tsakanin mai walda da mai wanki da guga. Amma yana da ido. In ka zo neman kujera ba zai nuna maka hoto ba, sai ya ce ka zauna a kan benci, ya ja ka da hira yana kallon yadda kake jingina, sannan ya zaro fensir daga bayan kunne ya yi zane a jikin bango. Bangon nan duk ya yi baƙi da zane. Matarsa, wadda muke kira Anti, takan ce da a ce bango na magana, da ya kai ƙarar mijinta.

Abin ya faro ne daga wani aikin rufi. Suna saman gini shi da abokin aikinsa, ƙafar mutumin ta zame, Yaya ya kai hannu ya kamo hannun riga, rigar ta yage. Mutumin bai mutu ba, amma bai sake tafiya da ƙafarsa ba. Tun daga ranar barci ya ƙaurace wa Yaya. In ya ji bugun guduma sai gabansa ya faɗi, zufa ta karyo masa. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa Anti ta kai shi asibiti, likita ya rubuta masa wasu ƙananan ƙwayoyi na kwantar da hankali, ya ce ya sha na ɗan lokaci kaɗan.

Suka yi aiki kuwa. Ya yi barci, ya koma shago. Da suka ƙare bai koma wurin likita ba, ya biya wani kemis da ba ya yawan tambaya. Ɗaya ta koma biyu. Daga baya aka samu ta safe, don a cewarsa hannu ya tsaya. Haka aka kwashe shekaru, har ƙaramar 'yarsa da aka yi haɗarin tana rarrafe ta shiga makaranta.

Ba ya tangaɗi, ba ya zagi, ba ya faɗa da kowa. Sanyi kawai ya yi. Har yabonsa ake yi a layi, ana cewa Mai Fito ya girma, ya natsu. Fiton ya ɗauke ba wanda ya lura da ranar da ya ɗauke. In mai aiki ya zo sai Yaya ya ce ya nuna masa hoto a waya, ya kwaikwaya. Wata rana Anti ta manta gishiri a miya, ya cinye tas bai ce komai ba. Washegari da gangan ta ƙi sakawa. Nan ma ya cinye, ya ce an gode. Ta ce min a kicin ta zauna ta yi kuka, don mutumin nan da can ko albasa ta ɗan ƙone sai ya yi tsokaci.

A gida mun san abin da yake sha. Amma kalmar ƙwaya tana da nauyi a baki, in an faɗe ta wasu mutane daban ake hangowa, ba magidanci mai furfura ba. Sai muka riƙa cewa maganin Yaya.

Akwai wani tsohon direba a layinsu, amininsa ne, kullum da yamma a bencin shagon yake zama. Ya yi jinya ya rasu. Yaya ya je jana'iza, har yana cikin waɗanda suka ɗauke shi. Bayan wasu watanni matar direban ta zo wucewa ta gaban shago da kwandon cefane, suka gaisa, sai Yaya ya ce, "Ina mutumin nawa? Kwana biyu ya yi wuyar gani. Ki ce masa bencinsa na nan yana jiransa."

Matar ta tsaya tana kallonsa. Ta ajiye kwandon, ta sake ɗauka, ta wuce. Mai walda ne ya kashe injinsa ya matso ya ce, "Mai Fito, kai fa ka riƙe kan makarar."

Yaya ya rufe shago da rana tsaka. Yana isa gida ya kwashe ƙwayoyin duka ya zuba a masai. Anti ta ji daɗi, ni ma da ta kira ni na ji daɗi, ba mu san ɓarna ya yi ba. Cikin 'yan kwanaki jikinsa ya hau karkarwa, ko kofi ba ya iya kai wa baki, daga nan ya faɗi a tsakar gida yana shure-shure a gaban yaransa. A motar maƙwabci aka kai shi asibiti.

Likitar da ta karɓe shi mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Da ya farfaɗo ta tambaye shi abin da yake sha da tsawon lokacin, ya juya fuska bango, Anti ce ta amsa.

"Baba, ka dube ni," in ji likitar. "Wannan maganin, benzodiyazefin ake ce wa danginsa, ba a rabuwa da shi da zuciya. Jiki ya saba, in ka yanke lokaci ɗaya zai iya kashe ka. Za ka koma kansa, mu riƙa ragewa kaɗan-kaɗan."

"In koma?" ya ce. "Abin da ya mayar da ni haka?"

"Ka koma don ka fita lafiya."

Ragewar ta ci fiye da shekara. A hannun Anti maganin yake, ita ke ba shi abin da likita ta ƙayyade, kuma wannan ya fi komai yi masa ciwo. Yakan tsaya a ƙofar ɗaki da safe yana gyaran murya, ya kasa cewa a ba shi. Ranar asibiti kuwa sai ya ja hula har gira. Ya taɓa haɗuwa da wani da ya ƙera wa gadon kwana a layin jiran likita, ya ce masa hawan jini ya kawo shi, ya dawo gida ya ƙi cin abinci saboda ƙaryar. Duk sanda aka rage, sai ya yi kwanaki ba ya son ƙara, ba ya son haske, ƙarar cokali a faranti ma sai ya zabura. Ya yi wa Anti tsawar da bai taɓa yi mata ba. Ya ba ta haƙuri har ta gaji da amsawa.

Hanci ne ya fara dawowa. Wata safiya ya buɗe shago ya tsaya a ƙofa, ya ƙwala wa mai walda kira ya ce me aka zuba masa a ciki. Mai walda ya shigo ya shinshina ya ce, "Katako ne mana. A shagon kafinta me kake so ka ji, turare?" Yaya ya ɗebo dusar katako a tafin hannu ya daɗe yana shaƙa.

Sai kuma baki. Ya kurɓi shayi ya ce wa Anti, "Wannan ganyen sabo ne? Ki riƙa sayen irinsa." Ta ce shi ne dai wanda take saya tun kafin haɗarin. Wata yamma ƙaramar 'yar tana kwaikwayon tafiyar malamarsu, ya tuntsire da dariya, yarinyar ta tsorata ta ruga bayan uwarta, don ba ta taɓa jin wannan sautin daga bakinsa ba. Ya tashi ya fita waje. Fiton ma ya dawo, guntu-guntu, in ya kama kansa yana yi sai ya waiga ko wani ya ji.

Mun zaci an gama da mai wuyar. Ba mu san da idon ba.

Ya zo gidana ziyara bayan ya sha ƙwayar ƙarshe da ɗan lokaci. Na shimfiɗa masa a falo, na kawo lemo na yanka. Yana sha yana santi, sai na ga idonsa ya tsaya a kan kabad ɗin da nake ajiye kwanuka. Ya ajiye lemon ya tashi. Ya buɗe ƙofa ɗaya, ta ƙi rufuwa sai da ya ɗaga ta. Ya ja durowa ta maƙale a rabi. Ya durƙusa ya zaro kwalin da na ninke na cusa ƙarƙashin ƙafa ɗaya, kabad ɗin ya karkata.

"Auta, wane maras tsoron Allah ne ya yi miki wannan? Kina da yaya kafinta ki je ki kai wa ɗan koyo aiki?"

Na yi ƙoƙarin sauya magana. Ya ce sai na faɗa masa shagon.

"Kai ne, Yaya."

Ya yi dariya, ya ga ban yi ba. Ya leƙa ciki ta baya, inda ya saba buga ƙusa uku a jere a matsayin alamarsa. Suna nan, ɗaya ma a lanƙwashe. Ya zauna a ƙasa daɓas, kwalin na hannunsa.

"Kuma kika karɓa?"

"Na karɓa."

"Kika ce min ya yi kyau?"

"Na ce."

"Kuma baƙi na shigowa nan suna tambayar wa ya yi?"

Na ce ina ce musu a kasuwa na saya. Da na san yadda maganar za ta sauka da ban faɗa ba. Ya rufe fuska da kwalin nan. Bai ƙarasa lemon ba, ya ce min sai an jima.

Kwanaki bai buɗe shago ba. Da ya buɗe, ya samu mai walda ya ce ya gaya masa gaskiya, aikin nawa ne irin wannan a gari. Mai walda ya sosa ƙeya ya ce da yawa dai. Ya ce wasu sukan dawo da kayan ta bayan shago, shi kuma ya kai wa wani kafinta a layin baya ya gyara, kuma Anti ta san da haka.

"Kuka mayar da ni yaro," in ji Yaya.

"Mun mayar da kai maras lafiya," in ji mai walda. "Ka fi son mu kore ka daga layi?"

Sai ya ɗauki akwatin kayan aiki ya fara bin gidaje. Ba ya dogon bayani. Ya yi sallama ya ce ya zo duba teburin da ya yi musu, kansa a ƙasa. Wasu su ce ai lafiyarsa ƙalau, alhali ga dutse an tokare shi da shi. Wata tsohuwa ta hana shi taɓa kujerarta, ta ce ta saba da rangajin, shi ke sa ta barci. Wani kuwa bai raga masa ba, ya ce gadon ya karye da shi da matarsa, sun daɗe da hura wuta da shi. Yaya ya tsaya ya saurara har mutumin ya gama.

Gidan direba ne ya fi jinkirta zuwa. Sau biyu yana kai wa ƙofa yana juyowa. Da ya shiga sai ya ga ƙofar kicin ɗin matar tana jan ƙasa, ya cire ya gyara ya mayar. Matar ta kawo masa ruwa ta ce, "Shi ma ya san ba ka da lafiya. Ba hira yake zuwa yi ba a ƙarshen nan, zama yake zuwa taya ka." Yaya ya sha ruwan, ya ɗauki akwatinsa. Anti ta ce ranar bai ci abincin dare ba.

Nawa kabad ɗin ya ce ba ya gyaruwa, ya kwashe shi ya wargaza. Na yi wata guda kwanukana na ƙasa kafin ya kawo sabo.

Har lokacin gyara kawai yake yi, yana tsoron sabon aiki. In an zo da shi sai ya tura wa na layin baya. Wadda ta karya wannan wata tela ce, gajeruwar mata mai baki, da ke fama da ciwon baya. Ta ce ta gaji da zama a kan kujera da filo biyu, ƙafarta na lilo kafin ta kai ga keken ɗinki. Ya ce ta nuna masa hoton irin wadda take so. Ta ce da akwai hotonta da ta zo wurinsa? Ta haye benci ta zauna, ta ce ba inda za ta.

Ya daɗe yana kallon yadda take karkata kafaɗa. Ya laluba bayan kunne, ba fensir, ya aro alli wurin mai walda. Ya samu wani ɗan fili a bango ya fara zane, ya goge da gefen hannu, ya sake. Kujerar farko da ya haɗa bai bari kowa ya gani ba. Ta biyu ita ce ya kai mata, da wurin ɗora ƙafa mai motsi da majingini mai ɗan lanƙwasa daidai ƙugu. Ina shagonta ranar, na kai ɗinki.

Ta zauna ta taka keken, ta ce, "Kai! Mai Fito, ashe kana nan."

Ya sunkuyar da kai, kunyar yabon ta kama shi. Sai kuma ya ɗago ya zagaya bayanta, ya ƙanƙance ido.

"Tashi."

"In tashi in je ina? Ta yi min daidai."

"Ba ta yi ba. Majinginin ya miƙe da kamar faɗin yatsa. Tashi, gobe zan dawo da ita."

Ta ce wallahi ba ta tashi. Ya tsaya mata a kai har ta tashi tana mita, ya saɓa kujerar a kafaɗa ya fita. Ta bi shi har titi da tef ɗin awo a wuya tana cewa in ya ɓata mata ita ba za ta yafe ba.